Wanda Ya Taɓa Na'urar Marigayi

Ranar Litinin da safe aka ɗauke wuta a gidan rediyonmu, abin da ba sabo ba ne a wurinmu. Batirin da ke riƙe na'urori ya yi ƙara sau biyu ya mutu, janareta ya tashi bayan minti uku, komai ya dawo daidai. Abu ɗaya ne ya ƙi dawowa, babbar na'urar ɗakin adana, wadda ke ɗauke da muryoyin shekara talatin.

Ni ce sakatariyar gidan. Shekarata ashirin da biyu a teburin bakin ƙofa, kuma kowa Anti yake ce mini har waɗanda suka girme ni, don rainin hankali. Ni na fara jin Ƙarama tana kira daga ƙarshen baranda. Ƙarama 'yar marigayi Injiniya ce, wanda ya haɗa na'urar nan da hannunsa, ya rasu wata uku kafin wannan rana. Tun tana makaranta take bin sa ɗakin, muna ce mata Ƙaramar Injiniya, har muka gaji muka gutsure sunan.

Na same ta tsaye, hannu a ƙirji. Allon na'urar baƙi ƙirin, sai layi ɗaya fari a ƙasa: "Ban ga faya-fayaina ba. Wa ya taɓa ni?"

Ba zan ɓoye muku ba, na tsorata. Haka marigayi yake magana idan aka gusar masa da sukundireba daga inda ya ajiye. Ƙarama ta ce mini kada in tsorata, Babanta ne ya rubuta wa na'urar saƙonninta da Hausa tun da daɗewa.

Manaja ya shigo a bayanmu. Shi ƙanin marigayi ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wato baffan Ƙarama. Ya daɗe yana kallon rubutun nan, ni kuwa na ɗauka tunanin ɗan'uwansa ne ya taso masa. Sai ya juya kan yarinyar. Ya ce ita kaɗai ce a ɗakin, ita ke da makulli, ta shafe aikin ubanta tun ƙasar kabarinsa ba ta kwanta ba. Ta roƙe shi minti goma ta duba, ya ce ko sakan ɗaya, kada ta ɓata shaida. Ya karɓe makullin, ya rufe ɗakin.

Da a nan ya tsaya, da sauƙi. A labaran ƙarfe goma sha biyu ya shiga situdiyo da kansa ya karanta sanarwa, wai taskar muryoyin gidan ta salwanta saboda gangancin wata ma'aikaciya da aka ba amana, kuma an sanar da hukuma. Mace ɗaya ce ke aiki a ɗakin nan, garin kowa ya sani. A cikin taskar akwai tsofaffin mawaƙa, akwai unguwarzoma, akwai masunta da maƙera da suka daɗe da rasuwa, mutane kan zo mu kunna musu muryar kakansu su koma gida suna share hawaye. Kafin la'asar wayar teburina ta yi zafi. Wata mata ta zagi Ƙarama da uwarta, na ce mata ta ji kunya, ta haɗa da ni.

'Yan sanda suka ce sai sun ga takardar masani, kuma ranar Juma'a za su zo su tafi da ita. Kwana uku Ƙarama tana zuwa ta zauna a bencin baranda daga safe zuwa tashi, ba mai gaishe ta sai ni da Direba, mai tuƙa motar gidan. Na ga abin ya ishe ni, na ɗaga waya na kira Mai Sawu.

*

Ajinmu ɗaya da ita a sakandare. Ubanta mai bin sawun dabbobin da aka sace ne, ita kuma ta koma bin sawun abin da ya ɓace a cikin kwamfuta, kotuna da kamfanoni suna kiranta. Doguwa ce, tana ɗan ɗingishi, ba ta da yawan magana, ni ma ban san yadda muka yi abota ba.

Ta iso Alhamis da hantsi. Manaja ya buɗe mata ɗakin yana ta bayani, ita kuwa ko allon ba ta kalla ba. Ta tsuguna a bakin ƙofa, ta kwantar da tocila a ƙasa, hasken ya bi daɓen. Ta duba ƙafafun kujerar marigayi, ta duba ɗan benci da ke gefe, ta ɗaga lasifikar kunne da ke rataye, ta auna faɗinta da tafin hannu, ta mayar yadda ta same ta.

Manaja ya nuna mata wani gurbi a jikin na'urar, inda faifai ɗaya ya kamata ya zauna, babu shi. Ya ce ga shaida nan, har sata aka haɗa. Mai Sawu ta haska gurbin, ta ce ya leƙa. Yanar gizo ce a ciki, tsohuwa, ta yi nauyi da ƙura, mai ita ma ya mutu ya bushe a tsakiya. Ta ce wannan gurbin ya fi shekara biyar ba a saka masa komai ba. Manaja ya yi gyaran murya, ya ce yana da baƙi a ofis.

Ta zaro wani ɗan filashi daga jakarta, ta soka, ta tayar da na'urar da shi. Rubutu ya yi ta gudu a allo. Ta daɗe tana karantawa, sai na ji ta ce a hankali, "Direba ne babu."

To ni dai Allah ya yi ni da baki. Na fita ɗauko mata shayi, na ci karo da Mai Labarai, wanda ke karanta mana labarai, na ce masa an gano, Direba ne. Kafin ruwa ya tafasa na jiyo hayaniya a tsakar gida. Mai Labarai ya shaƙe wa Direban motarmu kwala, Direba yana rantsuwa shi ko kunna talabijin jikarsa ke yi masa. Bawan Allah nan shekararsa sittin da wani abu, bai taɓa ɗaukar ko biro a gidan nan ba.

Mai Sawu ta fito ta raba su, ta kalle ni irin kallon da take mini tun muna aji uku. Ta ce direban da take nufi ba ya tuƙa mota. A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɓangare da ake kira kanel, shi ke fara tashi, shi ke gaisawa da kowane ƙarfe da ke jikinta. Faya-fayan taskarmu guda shida suna rataye ne a wani tsohon kati, kuma kanel ba ya jin yaren katin sai da tafinta. Wannan tafintan, ɗan rubutu ne kawai, shi ake kira direba. An sauya wa na'urar kanel an saka sabo, sabon kuwa bai zo da direban katin ba, don masu yin sa sun daɗe da mantawa da irinsa. Marigayi ne ke haɗa direban da hannu duk lokacin da ya sabunta.

Na ba Direba haƙuri har da durƙusawa. Ya ce ba komai, amma sai da ya yi mako bai sayo mini katin waya ba.

*

Da muka koma ɗakin ta rufe ƙofa. Ta ce za ta gaya mini abu biyu, in na fitar da ko ɗaya, abotarmu ta ƙare. Na farko, ba abin da aka shafe. Muryoyin suna nan lafiya lau, na'urar ce ta makance ba ta ganin su. Na zauna a ƙasa na yi hamdala, na ce to a kira Ƙarama, magana ta ƙare.

Ta ce ba ta ƙare ba. Idan taska ta dawo ba a san wanda ya taɓa ba, garin zai ce yarinyar ta ɓata ne masaniya ta gyara, sunan ya bi ta ke nan har tsufa. Na biyu kuma, kowa yana neman abin da ya faru ranar Litinin, alhali ba abin da aka yi ranar Litinin. Sabon kanel ba ya fara aiki sai an kashe na'ura an kunna. An saka shi tun Larabar makon jiya, ya kwanta yana jira, ɗauke wutar ce kawai ta tashe shi.

Na tambaye ta wa ya saka. Ta juya mini allon. Na'urar tana rubuta duk wanda ya shige ta, da rana da lokaci. Laraba, ƙarfe uku da minti goma na yamma, a kan wannan allon, daga wannan kujerar. Sunan da ya shiga na marigayi Injiniya ne.

Ni na raka matarsa asibiti ranar da ya cika, na gan shi a rufe. Mai Sawu ta gangara da rubutun sama, ta nuna mini ba sau ɗaya ba ne. Kowace Laraba, wajen ƙarfe uku, tun mako guda bayan rasuwarsa, Injiniya yana shigowa ya yi minti ashirin ya fita. Fankar na'urar tana ta huci a ɗakin, ni kuwa na matsa daga kusa da kujerar.

*

Mai Sawu ta fara da kiran Ƙarama. Yarinyar ta rame a kwana huɗu, idanunta sun faɗa. Ta ce ita tana da nata asusun, kalmar sirrin Babanta kuwa ba ta taɓa sani ba, ko ita bai ba wa ba. Ya kamata ta rufe asusunsa tun tuni, ta san haka, amma duk ranar da ta yi niyya sai hannunta ya ƙi. Kujerarsa ba ta zama a kai, a ɗan bencin nan take aiki. Ranar Laraba kuma ba ta gidan gaba ɗaya, ita da Direba suke fita ɗauko muryoyin mutane a unguwanni, ba sa dawowa sai biyar.

Mai Sawu ta tambaye ta ko ta taɓa lura da wani abu.

"Kujerar tana motsi," in ji Ƙarama. "In na bar ta tana kallon taga, in dawo in same ta tana kallon allo. Akwai Larabar da muka dawo da wuri, na taɓa lasifikar kunnen na ji ta da ɗumi."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Tsoro nake kada in faɗa ya daina zuwa."

Na fita na tsaya a baranda, don ba na son yara su ga ina kuka. Direba ya tabbatar da maganar fitarsu, har ya kawo littafin man mota, kowace Laraba da sa hannunsu su biyu.

Sai Mai Labarai. A gaskiya ni shi na zarga, kuma ina da dalili. Lasifikar kunnen an buɗa ta har ƙarshe, wanda ya saka ta babban kai gare shi, Mai Labarai kuwa hularsa sai an yi masa oda. Ga kuma tsohuwar gaba. Shekara goma sha biyar da suka wuce dariya ta ƙwace masa yana tsakiyar karanta sanarwar rasuwa, marigayi ya adana faifan, duk ranar da ya cika mana kunne da iyayi sai a kunna masa. Ya sha rantsuwa wata rana sai ya ƙone ɗakin nan. Da Mai Sawu ta tuna masa, ya ce wasa yake yi. Ta ce ta sani. Ƙarfe uku na Laraba yana kan iska kai tsaye yana karanta gaishe-gaishen masu sauraro, rabin gari shaidunsa ne. Na ji haushi, don na so a ce shi ne.

Ban ankara ba ta juyo kaina. Makulli biyu ne na ɗakin, ɗaya a hannun Ƙarama, ɗayan a aljihun teburina. Na ce mata lallai ma, ni na kira ki, ni za ki tuhuma? Ta ce ta sha ganin wanda ya kira ta shi ne ɓarawon, ina nake ƙarfe uku na Laraba? Na ce ina titi ina shan rana, Manaja yana aike na kai wasiƙu wurin masu talla. Ta tambaye ni tun yaushe. Na lissafa, na ce wata uku ke nan, a da Direba ke kaiwa ranar Talata.

Na ji abin da bakina ya faɗa, sai na yi maza na kore shi. Na ce mata ta cire Manaja a lissafi, shekara shida bai taka ɗakin nan ba sai ranar Litinin. Shi da marigayi su suka kafa gidan tun suna samari, sai suka ɓata a kan tsofaffin kaset. Manaja yana son a zubar da su a mai da ɗakin na talla, Injiniya ya ce sai dai a zubar da shi tare da su. Manaja ya kira shi mai gadin matattu a gaban ma'aikata. Daga ranar ba su ƙara magana ba. Ni ce wayarsu: Anti gaya wa Manaja, Anti gaya wa Injiniya, suna tsaye taku uku tsakaninsu. In Injiniya ya fara magana a taro, Manaja tashi yake ya fita. Ko a asibiti bai shiga ba, a mota ya zauna, na gan shi da idona.

Mai Sawu ta je ofishin Manaja, ni ina bayanta. Ya ce shi ko inda ake kunna abin bai sani ba, takarda kawai yake so kafin gobe. Yana magana yana gyara takardun da suke a gyare.

*

Bayan azahar ta koma kan na'urar ita kaɗai, ni ina bakin ƙofa. Ta ce duk wanda ke shigowa ba ya yawo a taskar. Cikin muryoyi sama da dubu arba'in, guda ɗaya tak yake buɗewa, mai tsawon minti ɗaya da rabi, ya yi ta maimaitawa. Ta saka tata lasifikar ta saurara. Na ga ta rufe ido, ta sake saurara, ta cire a hankali.

Ta tambaye ni ko akwai kurma a gidan nan. Na ce duk kurame ne in an aike su. Ta tambayi Ƙarama ko Babanta yana da aboki kurma, ta ce ba ta sani ba. Sai ta ce in tara mata kowa ƙarfe huɗu, a ɗakin adana.

*

Ɗakin ƙarami ne, mu shida muka cika shi. Direba a jikin ƙofa, Mai Labarai yana fifita da jarida, Ƙarama a kan bencinta, Manaja a tsaye ya harɗe hannu. Ba wanda ya zauna a kujerar marigayi.

Mai Sawu ta maimaita bayanin kanel da direba a taƙaice. Ta ce marigayi mutum ne mai tsantseni, ba ya zubar da tsohon kanel, yana nan a ɓoye. Ta cire filashinta, ta kashe na'urar, ta kunna, ta danne wani maɓalli. Jeri ya fito, ta zaɓi na biyu. Fitilun faya-fayan suka fara kamawa ɗaya bayan ɗaya, kore, har shida. Ƙarama ta rufe bakinta da hannu biyu. Da minti goman nan da ta roƙa aka ba ta, abin da za ta yi ke nan.

Manaja ya ce madalla, tunda an gyara sai kowa ya koma aiki, zai janye ƙara. Mai Sawu ta ce saura kaɗan. Ta faɗa musu ranar da lokacin da aka sauya kanel, ta faɗi sunan da ya shiga. Mai Labarai ya daina fifita. Ta ce matattu ba sa buɗa lasifika, ba sa juya kujera, mai rai ne ke zuwa, kuma ga abin da yake zuwa ji. Ta haɗa na'urar da manyan lasifikun ɗakin, ta danna.

Aka fara jin shuuu na tsohon kaset, da ƙarar ana ƙwanƙwasa makirfo. Sai muryar Injiniya ta cika ɗakin, muryar saurayi, ba tari, ba gajiya.

"Gwaji, gwaji. Ɗaya, biyu. Kurma, kana ji na? Kai Kurma, bar cin gyaɗar nan. In kana ji na ɗaga hannu."

Ni ban kalli allo ba, mutane nake kallo. Hannun Manaja na dama ya warware daga ƙirjinsa, ya tashi har kafaɗa, tafin a buɗe. Bai san ya ɗaga ba. Sai da ya ga duk mun zuba masa ido ya kalli hannun, ya kasa sauke shi. A cikin lasifika samari biyu suna ta dariya, ɗaya yana cewa, "Ya ji, wallahi ya ji, rediyonmu ya kama."

Faifan ya ƙare. Manaja ya lalubi kujerar marigayi ya zauna, ta yi masa daidai.

Ba wanda ya tambaye shi, shi ya yi ta faɗa, idonsa a ƙasa. Kurma sunan da Yayansa ya saka masa ne suna yara, don in an aike shi sai ya yi kamar bai ji ba, kuma ba mai kiran sa haka sai shi. Mako guda bayan rasuwa ya ga ya fara manta muryar, sai ya ƙirƙiro mini aike, ya ɗauki makulli. Ya zauna yana gwada kalmar sirri. Ya saka sunan Ƙarama, ya saka na mahaifiyarsu, ya saka na matar marigayi, har goma sha ɗaya.

"Na sha biyu na rubuta Kurma," ya ce. "Ta buɗe. Shekara shida ba na gaishe shi, ashe kullum da safe sai ya rubuta sunana."

Larabar ƙarshe wani akwati ya fito a allo ya rufe masa wurin dannawa, yana tambaya ko a sabunta. Ya ce eh don ya kau da shi. Mu duka muka kalli juna. Ba wanda bai san dokar marigayi ba a gidan nan, har mai shara: in na'urar ta tambaye ka, ka ce a'a, ka kira ni. Ya faɗa a taro ya fi sau hamsin. Mutum ɗaya ne bai taɓa ji ba, wanda ke tashi ya fita.

Ranar Litinin da ya ga rubutun nan ya san da shi ake. Ya ɗauka ya kashe Yayansa karo na biyu, ya rasa yadda zai ce shi ne, ga yarinya a tsaye. Wallahi na tausaya masa, kuma a lokaci guda na ji kamar in kwaɗa masa tiren shayi.

Ya ɗago ya dubi Ƙarama. "'Yata, ki yafe mini."

Ƙarama ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon sa.

"Baffa, da ka tambaye ni, da na kunna maka kullum," ta ce. "Wata uku ina zaton Baba ne. Wannan ma ka karɓe mini." Ta miƙe ta gyara mayafinta. "Yafiya tsakanina da kai ce, za mu yi maganarta a gida. Amma ba a ɗakin nan ka ɓata ni ba."

Mai Sawu ta rubuta takardarta, layi bakwai, ta sa hannu, ta miƙa mini in kai wa 'yan sanda. Ta ce wa Ƙarama ta haɗa direban kafin ta sake barin sabon kanel ya tashi, Ƙarama ta ce ta sani. Ta ɗauki jakarta ta tafi, ko shayin ba ta sha ba.

*

Labaran yamma ƙarfe shida muke yi. Saura minti biyar Manaja ya fito daga ofis da takarda rubutun hannunsa, ya ce wa Mai Labarai ya ba shi minti biyu na farko. Mai haɗa sauti na ranar ya tashi da kansa ya ba Ƙarama wuri. Na tsaya a bayanta, gilashi tsakaninmu da situdiyo.

Jar fitila ta kama. Manaja ya buɗe baki, ya faɗi sunansa da muƙaminsa, amma muryar ta maƙale, allurar sauti da ƙyar take motsi. Ya ce taskar muryoyi tana nan, ba abin da ya salwanta. Ya tsaya. A rediyo shirun sakan biyar dogo ne, na ƙirga takwas. Na ga idonsa ya tsallake layi, ya gangara ƙasan takardar inda aka rubuta godiya ga masu sauraro.

Ƙarama ta ƙwanƙwasa gilashin da yatsa ɗaya. Ya ɗago, ta girgiza kai. Ya mayar da idonsa sama, ya fara karanta layin da ya tsallake, ƙasa-ƙasa yadda ko ni da ke kusa ban ji sosai ba. Sai ta sa yatsu biyu a kan maɓallin makirfonsa, ta tura shi sama har ƙarshe.

"Ma'aikaciyar da na ambata ranar Litinin ba ta yi laifin komai ba," muryarsa ta fita a kowane shago da kowace mota a garin. "'Yar Yayana ce. Ni na taɓa na'urar, na sani, kuma na ɗora mata."